Da safe dariya, da yamma kuka: me ke sauya halin 'ya mace tsakanin shekara 9 da 13?

A gidaje da yawa abin yakan fara ne daga ƙaramin aike. An ce wa yarinya 'yar shekara 11 ta tashi ta wanke kwanuka, aikin da ta saba yi tun tana aji uku ba tare da an maimaita mata ba, sai ta turo baki, ta tashi tana ƙunƙuni, ta dangwarar da tukunya. Kafin a gama mamaki an jiyo ta a tsakar gida tana ƙyaƙyata dariya da ƙannenta kamar ba ita ba. Da magariba kuma ga ta can ƙuryar ɗaki tana sharar hawaye. "Me aka yi miki?" "Ba komai, Umma." Sau da yawa gaskiyarta ke nan, ita ma ba ta san abin da aka yi mata ba.

Daga nan sai fassara ta yi yawa. Uwa ta ce fitsara ce ta fara tsirowa. Uba ya ce uwar ce ta sangarta ta. Kaka ta ce a ƙyale mata jika, girma ne ya zo. Maƙwabciya ta kawo shawarar ruƙiyya, wata kuma ta ce a binciki wayar da take ɗauka idan uwar ta yi barci. Kowace fassara da maganin da take ja: bulala, ko lallashi, ko malam, ko asibiti, ko ƙwace waya. Wanda ya kuskure sunan ciwo kuwa da wuya ya dace da magani.

Kalma ɗaya, abu uku

Rabin ruɗanin yana cikin kalmar "balaga" kanta, domin Bahaushe yana kiran abubuwa uku da ita, kuma ba rana ɗaya suke zuwa ba.

Akwai balagar jiki. Likitoci sun ɗauki tsakanin shekara 8 da 13 a matsayin lokacin da ta saba farawa ga 'ya mace. Alamar farko galibi ita ce ƙirgar dangi, sai gashin mara da na hammata, sai tsayi da ke zuwa da sauri har kayan sallar bara su ɗage. Haila takan zo a baya, kimanin shekara biyu ko biyu da rabi bayan ƙirgar dangi, wato wajen shekara 12 zuwa 13 ga yawancin 'yan mata. Wani likitan yara ɗan Birtaniya, James Tanner, shi da abokin aikinsa suka kasa wannan tafiya gida biyar a 1969, bayan sun daɗe suna bin 'yan mata suna auna girmansu, kuma har yau da ma'auninsu ake aiki a asibitoci. Tun kafin ƙirgar dangi ma, wajen shekara 6 zuwa 8, wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda sukan fara sakin sinadarai a hankali. Su ne ke kawo tsamin hammata da maiƙon fuska da uwa kan lura da su tun yarinya tana firamare. Rashin isasshen abinci da ciwo mai daɗewa irin sikila kan jinkirta komai, ƙiba kuma kan gaggauto shi.

Akwai balagar shari'a. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Hausa, haila alama ce ta balaga, haka ma tsirowar gashin mara. Idan babu wata alama sai a koma ga shekaru: 18 a mashahurin zancen Malikiyya, 15 a wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya. Daga ranar da alama ta bayyana yarinya ta zama mukallafa, salla da azumi sun hau kanta. Dokar ƙasa tana da nata lissafin daban, domin Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 tana kiran duk wanda bai kai 18 ba yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ware shekara 10 zuwa 19 a matsayin zangon tasowa, 10 zuwa 14 shi ne farkonsa.

Sai ta uku, balagar hankali, wadda ta fi sauran nawa. Hotunan ƙwaƙwalwar yara da aka riƙa ɗauka da na'urar MRI a Amurka tun shekarun 1990 sun nuna cewa sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya kuma danne fushi, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20 da 'yan kai. Sassan da ke kula da tsoro, da jin daɗi, da jin an muzanta mutum, da son a yaba masa kuwa, balaga na farawa suke ɗaukar zafi. Doki ya ƙoshi, linzami yana wurin maƙeri.

Ke nan 'yar shekara 11 tana iya zama baliga a jiki, mukallafa a shari'a, ƙwaƙwalwarta kuma tana da sauran tafiyar shekara goma ko fiye. Yawancin rigimar gida daga wannan tazara take fitowa. Ana kallon jikinta ana neman hankalin babba a wurinta, ana kuma kallon shekarunta ana hana ta abin da ake bai wa babba.

Laifin sinadarai ne?

Bayanin da ya fi yawo a bakin 'yan boko shi ne "ai homon ne". Akwai gaskiya a ciki. Wani sashe a can ƙasan ƙwaƙwalwa yakan aika saƙo ta jini zuwa ma'ajiyar ƙwan mace, ita kuma ta fara sakin sinadarin istirojin. A shekarun farko sakin ba ya bin tsari, yau sama gobe ƙasa, shi ya sa haila kan yi tsallake a shekara ta farko da ta biyu, ta zo wata ɗaya ta ɓace wata biyu. Kwanaki kaɗan kafin zuwanta wasu 'yan mata kan ji nauyin jiki da saurin ƙufula, ga ciwon mara idan ta zo.

Sai dai da masu bincike suka auna sinadaran a jinin yara suka kwatanta da halinsu, alaƙar ba ta kai yadda ake zato ba. A 1992 Christy Buchanan da Jacquelynne Eccles da Jill Becker suka tattara binciken da aka yi a kan haka, suka tarar tasirin sinadarai kai tsaye ƙarami ne, kuma ya dogara da halin da yaro yake ciki. Abin da ya fi fitowa fili a bincike daban-daban shi ne lokaci. Yarinyar da ta riga sa'o'inta fara balaga ta fi su haɗarin shiga damuwa da ƙunci, domin jikinta ya jawo mata idon da hankalinta bai shirya masa ba: tsokanar 'yan aji, kallon samari da magidanta a hanyar Islamiyya, da barkwancin dangi da su a wurinsu wasa ne, ita kuwa ta kwana da shi.

Muhawarar ko halitta ce ke kawo wannan sauyi ko al'ada ta tsufa. A 1904 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, G. Stanley Hall, ya ce tasowa guguwa ce da ke cikin jini, babu mai tsallake ta. A 1928 Margaret Mead ta wallafa abin da ta gani a tsibirin Samowa, ta ce 'yan matan can suna girma ba tare da wannan guguwa ba, don haka al'ada ce ke haddasa ta. Derek Freeman ya zo a 1983 ya musanta yawancin abin da ta faɗa, aka yi ta ja-in-ja. Matsayar da ta fi karɓuwa a yau ita ce wadda Jeffrey Arnett ya tsara a 1999: sauyin hali da saɓani da iyaye sun fi yawa a wannan zango fiye da kowane zango na rayuwa, amma ba kowane yaro suke kamawa ba, kuma sun fi sauƙi a al'ummomin da ke riƙe da gargajiya, ko da yake suna iya ƙaruwa a can ma yayin da zamani ke shiga.

Wani bincike da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na Reed Larson da abokan aikinsa a yankin Shikago. Sun riƙa ba yara wata 'yar na'ura mai ƙara su yi mako guda da ita, duk lokacin da ta yi kuka su rubuta inda suke, da wa suke, da yadda suke ji a ransu. Sai aka ga matasa sun fi manya hawa can sama da faɗawa can ƙasa, kuma sun fi su saurin sauka daga duka biyun. Wannan shi ne dariyar safe da kukan magariba. An kuma ga lokacin da yaro ke yi cikin iyalinsa ya ragu daga kashi 35 cikin 100 na sa'o'in farke a aji biyar na firamare zuwa kashi 14 a ƙarshen sakandare. Amma lokacin da yake keɓewa da uwa ko uba, su biyu kawai, bai ragu ba. Yaran Amurka ne, ba za a ɗauki alƙaluman a ɗora wa Kano ko Maraɗi ba. Duk da haka sun nuna abu ɗaya da ke da amfani ko'ina: yarinyar da ta daina zama cikin taron gida ba lallai ne ta daina son zama da uwarta ba. Zaman taron ne ya isheta.

Gidan ma ya canza mata

Idan ana maganar yarinya ta canza, ba kasafai ake lissafa abin da aka canza mata ba. Wadda jiya take gaɗa da carafke a ƙofar gida, yau an ce ta girma. Kada ta fita ba hijabi, kada ta zauna cikin yayyenta maza, kada ta ɗaga murya, ta shiga madafi, ta goya ƙani. Yayanta da ya girme ta da shekara ɗaya yana can filin ƙwallo babu wanda ya ce masa ya girma. Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna da tushe a addini da kuma tsoro na gaskiya da iyaye ke da shi, kuma yarinya na iya karɓarsu. Abin da ke wahalar da ita shi ne yadda suke zuwa: gaba ɗaya, cikin wata ɗaya ko biyu, ba tare da an zaunar da ita an faɗa mata dalili ba. Sai ta fassara da kanta cewa jikinta ne ya yi laifi. Daga nan ake ganin ranƙwafawa don ɓoye ƙirji, da kwana da hijabi, da ƙin gaida baƙi.

A daidai wannan lokacin kuma makaranta ke juyawa. A Najeriya ta bar firamare ta shiga JSS1, a Nijar ta bar CM2 ta shiga kwaleji. Daga malami ɗaya da ya san sunanta da na ubanta ta koma hannun malamai goma. Ƙawayen da aka taso tare sun watse, ga siniyoyi, wata ma makarantar kwana aka kai ta. A wannan shekarun babu abin da ya kai ƙawa nauyi a zuciyar yarinya. Idan aminiyarta ta koma zama da wata a aji, a wurinta abin ya kai a yi kuka, ko da uwa ta ji labarin ta yi tsaki.

Sannan ga kunya. A al'adar Hausa uwa ba ta cika sakewa da 'yarta a irin waɗannan maganganu ba, balle 'yar fari wadda wasu iyaye ko sunanta ba sa kira. Amma al'adar da ta sa wannan shinge ita ce kuma ta tanadi ƙofa a gefe. A babban gida akwai goggo, akwai inna ƙanwar uwa, akwai yaya da ta yi aure kwanan nan, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya furtawa ba. Su ne ke lura yarinya ta fara ƙirgar dangi, su saya mata rigar mama, su nuna mata yadda ake ƙunzugu, su ji kukanta su kai wa uwa a fakaice. Ma'aikacin da ke haya a Abuja ko a sabuwar unguwa a Kaduna ya taho da kunyar, ya baro goggon a gida. Wannan giɓi, a ganin mai wannan sharhi, ya fi kowane sinadari bayyana dalilin da ya sa iyayen yau ke cewa su ba a yi wannan fama da su ba.

Islamiyya tana cike wani ɓangare. Ɗalibar da ta karanta babin haila a Ahlari ta san kwanakinta da hukuncin wanka da abin da ya haramta gare ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta samu kalmomin da za ta yi tambaya da su ba tare da jin ta yi batsa ba. Amma babin bai ce komai a kan dalilin da ya sa take jin haushin kowa ranar Talata ba. Wannan tambayar sai ta kai ta wurin ƙawa, ko wurin waya.

Su kansu rigingimun, idan aka duba, ba a kan manyan abubuwa suke ba. Judith Smetana ta shafe shekaru tana nazarin saɓanin iyaye da 'ya'ya a Amurka da Hong Kong, ta tarar yawanci a kan sutura ne, da shara, da aike, da ƙawaye, da lokacin kwanciya. Iyaye suna kallon abin ta fuskar ladabi da tsarin gida, yaro yana kallonsa a matsayin abin da ya shafi kansa. Uwa tana cewa "ban isa da ke ba ke nan?", yarinya tana cewa "ni fa ba na son wannan atamfar". Ba magana ɗaya suke yi ba. Bincike ya kuma nuna irin wannan saɓani ya fi yawa a farkon tasowa, kuma ya fi faruwa tsakanin uwa da 'ya, saboda su ne ke wuni tare. Harshe da haƙori ke nan.

Barci, jini da waya

Akwai dalilai biyu da ake yawan tsallakewa saboda ba su da armashi. Na farko barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar sa'a 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma sa'a 8 zuwa 10. Binciken Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ya nuna balaga tana tura agogon jiki baya, sinadarin da ke kawo barci ya riƙa zuwa a makare. A lissafa ranar ɗalibar JSS1: tashin asuba, shara, boko har ƙarfe biyu, Islamiyya da la'asar, girkin dare, wanke-wanke, aikin gida na makaranta, hadda, ga zafi ga ɗauke wuta. Idan ta kwanta sha ɗaya ta tashi biyar da rabi, sa'a shida da rabi ta samu. Babba ma da ke irin wannan barcin kullum ba zai yi daɗin sha'ani ba.

Na biyu ƙarancin jini. Jiki mai girma da sauri yana cin sinadarin ƙarfe, haila kuma tana zubar da shi kowane wata. Kasala, jiri, ciwon kai, rashin riƙe karatu da saurin fushi duk suna cikin alamunsa, kuma duk ana iya kiransu lalaci. Gwajinsa ɗan jini ne kaɗan a ƙaramin asibiti. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, shan shayi a kan abinci kuma yana rage abin da jiki ke zuƙa.

Waya ita ce inda masana suka fi rabuwa. Jonathan Haidt na Jami'ar New York yana ganin wayar hannu da shafukan sada zumunta su ne babban dalilin ƙaruwar damuwa ga 'yan mata tun farkon shekarun 2010. Candice Odgers da wasu sun ce hujjojin ba su kai su tabbatar da haka ba, kuma mai yiwuwa yarinyar da ke cikin damuwa ce ke gudu zuwa waya. Amy Orben da abokan aikinta, da suka duba bayanan matasan Birtaniya a 2022, sun ga cewa ga 'yan mata shekara 11 zuwa 13 ne lokacin da yawan amfani da shafukan ya fi tafiya tare da raguwar jin daɗin rayuwa. Gwamnatoci ba su jira a gama muhawarar ba: Ostareliya ta zartar da doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafi, ta fara aiki a Disambar 2025. TikTok, Instagram da Facebook su kansu sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekaru. A gidajen Hausa da yawa yarinyar ba ta da waya tata, ta uwar take ɗauka, don haka abin da take gani shi ne abin da aka tace wa babbar mace. Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne wayar da ke shiga gado da dare tana cin barci.

Tsanani ko lallashi

Masu tsanani suna da hujja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'ya mace gidan wani za ta, abin da aka ƙyale yau shi za a yi wa uwa gori da shi gobe. Suna kuma kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito na umartar yara da salla a shekara bakwai, a hore su a kanta a shekara goma, a raba musu shimfiɗa. Masu lallashi kuma suna cewa tsawa tana rufe baki ne kawai, yarinyar da ta koyi ɓoye wa uwarta ƙaramin abu za ta ɓoye babba. Su ma suna da nassi a hannu, na tausasawa da falalar renon 'ya'ya mata, suna kuma nuna cewa hadisin farko a kan salla yake magana, bayan shekara uku ana koyarwa.

A ɓangaren bincike, Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta rarraba salon tarbiyya a shekarun 1960: mai doka ba bayani, mai sakaci da doka, da mai haɗa doka da jawo yaro a jiki. Na ukun ne ya fi fitar da yara masu natsuwa a yawancin binciken da ya biyo baya. An yi mata suka mai ma'ana. Ruth Chao ta nuna a 1994 cewa abin da Ba'amurke ke kira tsanani, a gidan 'yan Sin ana jinsa a matsayin kulawa, kuma Bahaushe zai gane wannan. Game da duka kuwa, Jennifer Lansford da tawagarta sun duba ƙasashe shida a 2005, ciki har da Kenya da Indiya. Sun tarar inda duka ya zama ruwan dare illarsa ta ɗan ragu, amma ba ta ɓace ba: a duk ƙasashen, yaran da aka fi duka sun fi sauran fargaba da faɗa.

Idan aka ajiye sunaye, bambancin da ya fi aiki a gida shi ne tsakanin abin da yarinya take ji da abin da ta aikata. Jin haushi ba laifi ba ne, kuma ba a hana shi da umarni. Murguɗa wa uwa baki, zagin ƙani, fasa kwano, waɗannan ayyuka ne, suna da iyaka da hukunci. Uwar da ta ce "na ga ranki a ɓace yake, je ki huce, amma kwanukan nan suna jiranki" ba ta sauke doka ba, ba ta kuma shiga kokawa da wadda ba ta cikin hayyacinta ba. Wa'azi a tsakiyar fushi ba ya shiga. Maganar takan fi shiga daga baya, kuma ba ido cikin ido ba: wurin kitso, wurin tsinkar zogale, a hanyar unguwa. Faɗa a gaban ƙanne ko baƙi kuwa, a wannan shekarun, muzantawar take riƙewa ta manta laifin. Haka nan barin mata zaɓi a inda babu cutarwa, kamar launin hijabi ko wanne aiki za ta fara, yana rage yawan wuraren da za a yi karo.

Uba yakan ja baya a daidai wannan lokaci, saboda kunya da ganin harka ce ta mata. Yarinyar da ta saba a ɗauke ta a babur a tafi da ita kasuwa sai ta ga an daina ba tare da ta san laifinta ba. Akwai kuma gidajen da ake fassara kumbure-kumbure da "aure take so". Babu abin da ke cikin bayanin likitoci da ke goyon bayan wannan fassara, domin 'yar shekara 12 da ke kuka don an raba ta da ƙawa tana nuna ƙuruciya ne.

Inda ya wuce girma

Sauyin halin tasowa yana da kamanni: yana zuwa ya wuce cikin sa'o'i, yarinya tana ci, tana zuwa makaranta, tana da ƙawaye, tana dariya a wasu lokuta. Wanda ke buƙatar likita kamanninsa daban. Ma'aunin da ake aiki da shi shi ne mako biyu: ƙunci ko fushi kusan kullum, kusan duk wuni, tare da daina son abin da take so a da, sauyin ci ko barci, faɗuwar karatu, janyewa daga ƙawaye, ko yawan cewa ita ba ta da amfani. A yara ciwon damuwa yakan fito da fuskar fushi fiye da ta baƙin ciki, ko ya ɓuya a ciwon kai da ciwon ciki da gwaji bai nuna komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Kafin balaga maza da mata kusan kunnen doki suke a ciwon damuwa, daga wajen shekara 13 mata ke wucewa har su kusa ninka maza. Maganar mutuwa, ko yanka a hannu da cinya, ba a jiran mako biyu a kansu, kuma tambayarta kai tsaye ba ta sa mata tunanin a rai.

Canjin da ya zo dare ɗaya yana da tasa tambayar. Yarinyar da ta tsiri ƙin zuwa wani gida, ko ƙin wani aike, ko tsoron wani mutum, ko ta koma fitsarin kwance, ana bukatar a bincika ko wani ya taɓa ta. Mafi yawan masu cin zarafin yara mutanen da yaran suka sani ne. Mai talla da wadda ke riƙo a gidan dangi sun fi kasancewa a inda idon uwa ba ya kai.

Game da iska da sammu, iyalai da yawa malam suke fara nema, kuma ba a buƙatar su bar addu'a kafin su ga likita. Haɗarin yana cikin jinkiri, da kuma irin ruƙiyyar da ake haɗawa da duka ko hayaƙi. Farfaɗiya, ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini duk suna iya sauya hali, kuma duk ana gane su da gwaji. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, ko da yake an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023 wadda ta maye gurbin ta 1958. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai sashensa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma ga yawancin iyaye ƙofar farko ita ce likitan yara ko babban asibitin da ke kusa. Shi ma ya kamata a gani idan ƙirgar dangi ta fara kafin shekara 8, ko ba ta fara ba har 13, ko haila ba ta zo ba har 15, ko ciwon mara yana hana zuwa makaranta kowane wata.

Abu ɗaya da kan ba iyaye mata mamaki a ɗakin likita shi ne a ce su ɗan fita a gana da yarinyar ita kaɗai. Wannan ƙa'idar aiki ce da matasa a ko'ina, domin akwai abin da 'yar shekara 12 ba za ta faɗa a gaban uwarta ba ko da babu laifi a cikinsa. Uwa na da damar neman likita mace, ko ma'aikaciyar jinya ta zauna a ɗakin, kuma idan abin da yarinyar ta faɗa ya shafi tsaron lafiyarta ko rayuwarta, za a kira uwar a sanar da ita.